Idan Awaki Uku Suka Fito

Ku kife salulolin nan a kan tabarma, ku ara mini kunnuwanku. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bakin mota. Wai aikin Inna Tsahara ba aiki ba ne, zama ne. Wai yaro ke danna allo, na'ura ke tambaya, tsohuwa kuwa tana gefe tana cin goro. Ban yi fushi ba, ɗana, daina sunkuyar da kai. Abin da ya dame ni daban ne. Gobe za a watsa ku ƙauyuka, wasu Attantane, wasu can El Allasan Mairairai, ni kuwa gwiwata ta rantse ba ta ƙara hawa bayan mota. Ku ne za ku zauna kusa da ƴaƴan mutane, ba ni ba. Tun da aka gaya mini haka, tuwo ba ya wuce mini da daɗi.

Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga ajin boko ba. Ko baƙi ɗaya ban sani ba, kuma saboda haka ne aka ɗauke ni aikin nan. Lokacin ina tuyar ƙosai a ƙofar wata lakwal nan Tasawa. Akwai wani mushe, wato malamin lakwal, Lawali sunansa, Allah ya ji ƙansa, yana raka masu binciken da ke zuwa daga Yamai su auna karatun yara. Wata safiya ya tsaya kan kaskona ya daɗe yana kallon yadda yara ke rufe ni. Ya ce, "Inna, kin iya karatu?"

Na ce, "Zagi ka zo yi da sassafe, ko ƙosai?"

Ya ce, "Aiki na kawo miki. Duk wanda muka zaunar kusa da yaro, in ya yi boko, fuskarsa na ba da amsa. Yaro ya kai yatsa wurin daidai, gira ta ɗaga. Ya kai wurin kuskure, baki ya motsa. Yaran nan kuwa sun fi karatun fuska bisa karatun takarda. Ina neman fuskar da ba ta san amsa ba."

To, rubutu ban sani ba, amma lissafi fa? Mace ta yi shekaru tana sayar da ƙosai, ka ce ba ta san bakwai da biyar ba? Nan koyon ya yi wuya. Mushe Lawali zai zauna gabana kamar yaro, ya ce, "Bakwai da biyar, sha uku." Kafin in ankara bakina ya ce kash. Sai ya ce, "Kin faɗi, Inna. Mu sake." Damina ta shiga ta fita muna wannan. Shi ya koya mini inda ake zama: ba gaban yaro ba kamar alƙali, ba nesa ba kamar wadda ba ruwanta, sai ta hagunsa, ɗan baya kaɗan, inda zai ji ɗuminki amma ba ya ganin idonki. Hannuwa cikin zane. Ba a cewa yawwa, ba a cewa ash, ba a jan numfashi. Shi ne kuma ya fara saya mini goro, ya ce baki in ba a ba shi aiki ba zai nemo wa kansa. Kun ji asalin goron da ake yi mini gori da shi.

A zamanin takarda kowane yaro tambaya iri ɗaya ake ba shi, daga farko har ƙarshe. Mai rauni ya yi ta zuba wa takarda hawaye, mai ƙoƙari ya gama ya kwantar da kai yana gyangyaɗi. Da aka kawo tabilet ɗin nan, wadda mu muke kira allo, sai aka haɗa ni da Madan Zainabu, wadda ta yi muku horo makon jiya. Ta yi mini bayani da Faransanci rabi da Hausa rabi, ban gane ba. Ta sake, ban gane ba. Sai na ce, "Tsaya, Madan. In kina son ki san abin da ɗiya za ta iya ɗauka daga rijiya, ba ki fara ɗora mata randa, ba ki kuma fara ba ta ludayi. Tulu matsakaici kike ba ta. In ta tahi wuya a miƙe, gobe ki ƙara. In wuya na rawa, ki rage. Haka haka har ki gane tulunta. Shi ne?"

Ta tafa hannu ta ce shi ne. Na'urar tana da rumbun tambayoyi, kowace an san nauyinta. Tana fara wa yaro da ta tsakiya. Ya ci, ta ɗauko mai nauyi. Ya faɗi, ta ɗauko marar nauyi. Ran da ta gamsu ta gane tulunsa, sai ta rufe, ko da na kusa da shi bai yi rabi ba. Can ƙasan rumbu, inda babu abin da ya fi shi sauƙi, akwai hoton awaki uku, ana tambayar yaro nawa ne. Can sama kuwa rubutu ke cika allo baƙi ƙirin kamar tururuwa ta sami sukari. Da wannan ni da ban iya karatu ba nake sanin inda yaro yake. In hotuna na ƙaruwa, sauka yake yi. In tururuwa na ƙaruwa, hawa yake yi.

Kayan aiki kuwa, kada ku ce allo da abin kunne da fanon hasken rana mai cika batir ne kaɗai. Waɗannan na ofis ne. Nawa suna cikin ƙullin nan. Tsumma da ɗan ruwa, don yatsan yaron da ya yi noma busasshe ne kamar ƙirare, allo ba ya jinsa, sai an jiƙa an goge. In bai danna ba yaro zai ɗauka shi ne ya yi laifi, daga nan hankalinsa ya tashi, kun auna tsoro ke nan ba karatu ba. Baƙin zane, don rana in ta faɗa kan allo ba a ganin komai. Faifai, don allo yana suma da zafi kamar mutum, sai ana yi masa fifita. Ɗiyar da aka yi wa sabon kitso, kada ku matsa mata abin kunne, ku sassauta, in ba haka ba zafin kai za ta yi ta ji tana danna abin da ta ga dama don ta huta.

Wani aiki da muka yi a El Allasan Mairairai, wajen ƴaƴan makiyaya, ya nuna mini ita kanta tambayar ana auna ta. Akwai wata mai hoton kwalekwale da masu kamun kifi. A Yamai wai marar nauyi ce. A can kuwa yaro mai kaifin kai, wanda ya taho yana hawa, da ya iso gare ta sai ya tsaya yana juya kai. Ɗaya ya cire abin kunne ya ce mini, "Inna, wannan akushin mi ya sa mutane suka shiga ciki?" Na gaya wa Madan, ita ma ta ga alamar a lissafinta, aka aika Yamai, aka fid da tambayar daga rumbu. A nan ne kuma wani dattijo ya tare mu da sanda a kafaɗa, wai mi ya sa tambayoyin ɗansa suka bambanta da na ɗan maƙwabcinsa, shi ya san rabon nama, kashi ɗaya ba ya fin ɗaya. Na ce, "Baba, raƙuminka da ɗan maraƙinka kaya ɗaya kake ɗora musu?" Ya yi dariya ya kawo mana nono. Irin waɗannan za ku gamu da su. Za ku gamu da diraktan da ke son tsayawa bakin ƙofa da bulala a hannu don yara su yi ƙoƙari. Ku roƙe shi da ladabi ya tafi shan shayi.

Yanzu bari in ba ku labarin mugunyar shekara, don saboda ita na tara ku.

Shekarar ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Kafin bazara rumbuna sun zama ɗakin kaji. Muka je wani ƙauye bayan Attantane, ba zan faɗi sunansa ba, don har yau ina gaisawa da mutanensa. Awon wannan shekara ba na bincike ne kaɗai ba. Da shi za a raba yara: wanda ya wuce wani mizani ya shiga ajin ƙarshe, ya kama hanyar kolej, wanda bai kai ba a mayar da shi cikin ƙanana ya sake tushe. Ba abinci a ciki, ba kyauta, ba komai.

Muna sauka daga mota, wani mutum ya taso daga gindin itacen bedi, da rawani da baƙin tabarau, Ɗan Jimma sunansa. Daga arewa ya zo, wajen ramukan zinariya. Wansa ya rasu ya bar yaro, Habu, mai kimanin shekara goma sha uku, shi kuma ya zo ɗaukarsa su tafi tare, tunda gida ba hatsi. Diraktan lakwal ya roƙe shi ya bar yaron, har magana ta kai gaban maigari, aka yanke cewa na'ura za ta raba gardama.

Ɗan Jimma ya ce wa Madan, "Ke ce mai injin? To ki ji. In ya ce yaron na da kan karatu, na bar shi. In ya ce babu, gobe kasuwa, motarmu na tashi da hantsi. Ni ban san wasa ba."

Madan ta ce masa ba don irin wannan aka yi na'urar ba. Ya ce shi dai an yi magana gaban maigari.

Abin da ya fara ba ni tsoro, ƙauyen ya yi kyau da yawa. A ko'ina sai mun bi yara bayan dangogi muna lallashi. Nan kuwa sun yi layi tun kafin mu shimfiɗa fano, an wanke su, an shafa musu mai, iyaye mata kuma sun taru can bakin rijiya suna kallonmu, ba mai jan guga. Yaro na farko ya zauna, ban gama tauna ɓarin goro ba sai ga awaki uku, allo ya rufe. Na biyu, awaki. Na uku, awaki. Sai wata doguwar ɗiya da na taɓa gani a kasuwar Attantane tana sayar da gyaɗa, tana ba manya canji ba ta ko duban hannunta. Ita ma awaki, kuma ta ce biyu ne.

Madan ta matso ta ce a kunnena, "Inna, suna amsawa tun tambaya ba ta ƙare ba."

Na ce, "Ba allo suke kallo ba, Madan. Taga suke kallo."

Muna cikin wannan, ba mu kai ga gane dalili ba, dirakta ya turo na gaba. Habu ne. Siriri, da wandon da ya yi masa gajere. Kun san yadda nake yi da yara maza, wasan jika nake ja. Na ce, "A'a, mijina, sai yanzu? Ina cefanen?" Kowane yaro yakan yi murmushi ko ya ce ba ya son tsohuwa. Wannan ko haƙori. Na goge masa yatsa, na sa masa abin kunne, na koma hagunsa.

Tambayar tsakiya ta fito. Na ga yatsansa ya tafi wani wuri kai tsaye, kamar mai hanyar gidansu, ya tsaya sama da allo, sannan ya kauce ya danna wani wurin. Rubutu ya ragu. Ya sake yin haka. Hotuna suka fara fitowa. Ya sake. Ina zaune hannuwana cikin zane, zufa na bin bayana, ga shi doka ta hana ni ko tari. Sai ga su, awaki uku, fara da baƙa da ja.

Dama guda ke gare mu a aikin nan, ku riƙe ta. In yaro na jin ƙishirwa ko fitsari, ana iya tsayar da allo sau ɗaya, na ɗan lokaci. In aka daɗe, ya rufe da kansa a inda yaro yake. Na ce da ƙarfi, "Madan, mijina na jin ƙishirwa." Ta dube ni, ta dubi awakin, ta tsayar.

Muka koma lungu. Na ce ta goge a sake. Ta ce ba hali, suna in ya shiga sau ɗaya ya shiga, sai baɗi in mun dawo. Ta ce, "In ya faɗi wannan, na'ura ta gamsu, za ta rufe. In ya ci, za ta yi shakka, ta sake gwada shi sama kaɗan. Amma sai ya yi ta ci, don ta riga ta ɗauke shi na ƙasa."

Na tsuguna gaban yaron na ce, "Habu, wa ya ce ka faɗi?" Ya kafa ido ƙasa yana haƙa rami da babban yatsan ƙafa. Na san ba zai faɗa ba. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya tona uwarsa gaban baƙi. Na ce wa Madan ta tsayar da layi, na ɗaura gyale a ƙugu na nufi rijiya, da wannan gwiwar tawa.

Shugabar matan, Magajiya, tsohuwa ce kamata, mun san juna a wajen biki. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba. Na ce, "Magajiya, wa ya ce wa yara su faɗi?"

Ba ta ko ɓoye ba. Ta ce, "Tsahara, ke baƙuwar yunwa ce? Da masu awon dantse suka zo, ɗan wa aka ba abinci? Wanda igiya ta nuna ja. Da masu duba rumbu suka zo, wa aka rubuta? Wanda nasa ke wayam. Duk mai awon da ya shigo garin nan da mota, na ƙasa yake nema. An ce lakwal ɗin da yaranta suka fi faɗuwa ita za a buɗe wa kantin, yara su ci sau ɗaya a yini. Mu mun yi shawara, mun gama."

Na ce, "Wallahi babu hatsi ko tiya guda cikin wannan awon."

Wata daga baya ta ce, "Haka kuke cewa duka, don kada a yi muku wayo."

Na ce, "In akwai abinci na ɓoye muku, kada Allah ya mai da ni Tasawa."

Ba wadda ta motsa. Kuma ku ji, ban ga laifinsu ba. Abin da idonsu ya gani suka faɗa. Sai dai lokaci na tafiya, ina hango Madan bakin ƙofar aji tana ɗaga mini hannu.

Uwar Habu na nan cikinsu, Mairi sunanta, tana tsaye can gefe da tulu, ƙaramar ɗiyarta na riƙe da zanenta. Habu ɗan farinta ne. Ku ƴan birni kun fara mantawa da wannan, amma a can mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana gaban mutane, ba ta nuna ta san yana duniya. Ko faɗuwa ya yi gabanta, wata ce za ta ɗaga shi. In na ce mata, Mairi, zo ki ceci ɗanki, na tsiraita ta gaban gari, kuma dole ta juya mini baya. Sai na dubi bakin rijiya na yi magana kamar da guga nake yi.

Na ce, "Akwai wani yaro zaune cikin aji yanzu. Saura faɗuwa ɗaya. In ya yi ta, gobe da hantsi shina bayan mota zuwa ramin zinariya."

Duk idanu suka koma kan Mairi. Ta dubi ƙafafunta ta ce, "Ni mi ne nawa? Yara sun cika gari."

Magajiya ta ce, ba da faɗa ba, "Kowa ta sa baki cikin shawarar nan. Ɗa guda bai fi cikin gari ba."

Na juyo hannu banza. Hanyar nan daga rijiya zuwa aji ba ta da tsawo, amma ban taɓa tafiya mai nisanta ba. Ɗan Jimma na gindin bedi yana zuba shayi daga sama, ya ce, "Inna, injin ya mutu ne?" Na ce yana hutawa.

Na shiga. Madan ta ce lokaci ya kusa. Na ba Habu ruwa ya sha. Na ɗauko tsumma na shiga goge masa yatsu, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ya danna komai da su, don ban san abin da zan yi ba bayan wannan. Na gama hannun dama na kama na hagu. Madan ta ce, "Inna." Na ɗauki abin kunne.

Sai inuwa ta gitta taga. Mairi ce da tulu a ka, ɗiyar na biye. Hanyar gidanta ba ta bi ta lakwal ba, kowa ya sani. Ta tsaya daidai tagar, bayanta gare mu, ta finciko ƴar ƙaramar da ba ta yi laifin komai ba, ta hau ta da faɗa, murya har rijiya.

"Ke! Tsaya nan ki ji ni. Gidanmu ba a ƙarya don tuwo. Ubanku ya kwanta da yunwa ya tashi da yunwa, bai taɓa cewa bai san abin da ya sani ba. Duk wanda ya sha nonona, in an tambaye shi, ya faɗi abin da ya sani. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Ɗiyar ta fashe da kuka, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Mairi ta ja ta suka wuce, ruwa na zuba mata a kafaɗa. Ko sau ɗaya ba ta leƙo ba.

Habu ya share hanci da bayan hannu. Ya karɓi abin kunne daga hannuna ya sa da kansa. Madan ta tada allo. Ya danna uku.

Awaki suka tafi. Kaji suka zo, suka tafi. Lissafin tiya ya zo, wannan na san amsarsa, na cusa goro a baki har ya shaƙe ni. Daga nan rubutu ya fara, ni kuma na makance. Ban san daidai ba, ban san kuskure ba, sai dai in ga tururuwa ta ƙaru ko ta ragu. Na'urar kuwa, da yake an yi mata ƙarya da fari, ta ƙi yarda da wuri. Ta ɗaga shi kaɗan, ta sake gwadawa, ta sake. Ban taɓa ganin ta riƙe yaro haka ba. Rana ta take, allo ya yi zafi har Madan ta durƙusa tana yi masa fifita da faifaina, alamar batir ta koma ja. Wani wuri rubutu ya ragu, wannan faɗuwar gaskiya ce. Yaron ya daɗe leɓensa na motsi. Ya danna. Tururuwa ta dawo. Can dai allo ya yi fari, ya rufe.

Aka taru gindin bedi, da dirakta da maigari. Madan ta faɗi gaskiya yadda take. Ta ce faɗuwar farko ta ci masa, bai kai inda ya kamata ya kai ba, amma ya wuce mizanin ajin ƙarshe.

Ɗan Jimma ya ce, "Ni ban jin wannan. Ya wuce ko bai wuce ba?"

Ta ce, "Ya wuce."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon yaron. Ya watsar da sauran shayinsa ya ce, "Magana gaban maigari aka yi ta. Na bar shi. Amma takalminsa da kayensa kada a neme ni." Washegari mota ta tashi da shi kaɗai.

Kada ku ce labari ya ƙare da daɗi. Yaran da suka rage a layi, wasu sun amsa da gaskiya, wasu sun bi shawarar iyayensu. Waɗanda suka riga suka faɗi aka mayar da su cikin ƙanana, Madan ta rubuta Yamai ta roƙa, amsa ba ta zo da wuri ba. Doguwar ɗiyar nan mai gyaɗa ta zauna da ƴan shekara bakwai har ta gaji da dariyarsu, ta bar lakwal. Kantin bai zo ba, don dama babu shi, amma mata suka daɗe suna cewa Mairi ce ta kore shi. Damina guda ta yi noma ita da ƴaƴanta ba wadda ta kama mata. Masu bincike kuma suka zubar da awon ƙauyen duka, aikinmu na wannan tafiya ya tafi a banza.

Daga wannan shekarar aka canja abubuwa. Yanzu ana zuwa tun jajibiri a zauna da mata, ba da maigari kaɗai ba. An sa tambayoyin gwaji a farko waɗanda ba a lissafa su. Na'urar ma an koya mata ta yi ƙara in yaro na amsawa da gaggawa. Duk na yarda, masu ilimi sun yi ƙoƙari. Amma har yau ba ta san wanda ke tsaye bakin rijiya ba, ba ta san abin da aka gaya wa yaro jiya kan tabarmar uwarsa ba. Bana ma ruwa bai yi yadda ake so ba wajen Mayahi inda za ku, kun ji da kunnenku. Shi ya sa na kasa zama.

Habu kuwa kun san shi, ba ku dai sani ba ne. Shi ne mai gyaran salula a bakin tasha, wanda kuka kai wa batiranmu shekaranjiya. In na wuce nakan ce mijina ina cefane, shi kuma ya ce ya sake ni tun bara, na tsufa.

Saboda haka gobe, in yaro mai tsawo ya zauna, kuka ga awaki uku sun fito masa, kada ku tsaya kallon allo. Ku ɗaga kai ku dubi taga. Ku tuna kuna da ƙishirwa guda ɗaya, kada ku ɓatar da ita a banza.

To, ku tashi a duba batir tun da sauran rana. Kai mai maganar jiya, zo nan. Bakwai da biyar, sha uku. Ka gani? Bakinka ya motsa. Ungo goro, zauna mu sake.